Saye da Gyara: Tarihin Na'urorin Zamani a Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin zamananci a ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga ranar da abu ya iso, watau ranar da aka buɗe gidan rediyo, ko ranar da aka fara nuna hoto a talabijin, ko ranar da wayar hannu ta shigo. Ba safai akan tambayi abin da ya sami na'urar bayan shekara biyu ko uku ba, sa'ad da ƙura ta shige ta, wuta ta yi mata yawa, mai ita kuwa ba shi da halin sayen wata. Wannan maƙala za ta bi sawun rediyo da talabijin da kwamfuta a birnin Sakkwato, domin ta nuna cewa a ɗan gajeren lokacin yalwa aka saye su, amma mai gyara ne ya riƙe su a dogon lokacin ƙunci. Za a kuma taɓo yadda harshen Hausa ya adana alamun wannan tarihi.

Kyautar baƙo da akwatin gwamnati

A watan Maris na 1824 Kyaftin Clapperton ya iso Sakkwato, ya gabatar wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kyaututtuka. Cikinsu akwai bindigogi da tufafi, akwai kuma madubin hangen nesa da ɗan ƙaramin kamfas na aljihu. Bisa ga bayanin da shi Clapperton ya rubuta, waɗannan biyun su suka fi jan hankalin Bello, kuma ya ji daɗi ƙwarai da aka nuna masa cewa da kamfas mutum zai iya gane gabas ko'ina yake domin salla. Abin lura a nan shi ne ma'aunin da aka auna baƙon abu da shi: me zai amfana? Wannan ma'auni ba na Bello ba ne shi kaɗai. Shehu Usmanu ya soki almubazzarancin sarakunan Haɓe a cikin Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi kuwa, a wajen 1807, har ya bar jama'a ya nufi gabas saboda ganin zukata sun fara karkata ga kayan duniya, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi. Saboda haka birnin da aka kafa a 1809 ya tashi da al'adar tuhumar kayan ƙawa, duk na'urar da ta zo daga baya sai da ta amsa wannan tambaya kafin ta sami wurin zama a zaure.

Birnin bai rasa masu aikin hannu ba. Maƙera Assada na nan, majema da madunka na nan, kowace sana'a da shugabanta da unguwarta da gadonta. Amma maƙeri yana gyara abin da ya san yadda aka ƙera shi. Abin da zai zo daga baya kaya ne da aka ƙera a wata duniya, ba wanda ya ga haihuwarsa.

Rediyon farko da jama'a suka sani a zamanin Turawa ba mallakar mai saurare ba ne. Akwati ne da ake jawo masa waya daga ofishin watsa labarai, ana biyan kuɗin haya wata-wata, ba shi da abin murɗawa na neman tasha, sai dai a ƙara murya ko a rage. An fara wannan tsari a Ikko a 1935, ya zo Kano a 1944, daga baya ya kai sauran manyan garuruwan Arewa har da Sakkwato. Haka ma majigi, mota ce ta hukuma take zuwa da injinta da ma'aikatanta, ta haska hoto a dandali, gari ya waye ta wuce. In akwati ya yi shiru, matsalar hukuma ce. Talaka ya san na'ura a wannan zamani, amma bai san nauyin riƙonta ba.

Ƙaramin rediyo mai batir shi ya canja wannan. An ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, rediyon da ke aiki da ita ya shiga kasuwa a 1954, sa'an nan kamfanonin Japan suka mai da shi abin da mai matsakaicin hali zai iya saye. Ya iso daidai lokacin da aka sami abin saurare: Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Ba ya bukatar wutar lantarki, yana shiga aljihun babbar riga, ana rataya shi a ƙahon keke. Tambayar nan ta amfani kuwa ya amsa ta da labaran duniya da karatun Alƙur'ani da tafsirin watan azumi. Wannan shi ne karo na farko da na'ura ta zama dukiyar mutum shi kaɗai, don haka shi ne karo na farko da lalacewarta ta zama hasararsa shi kaɗai. A nan ne mai gyaran rediyo ya sami tebur a gefen mai gyaran agogo da mai gyaran keken ɗinki. Da yawa daga cikin na farko 'yan Kudu ne, Yarabawa da Ibo, waɗanda suka riga shiga makarantun sana'a. Rikicin 1966 da ya sa Ibo suka koma gida ya bar giɓi a irin waɗannan sana'o'i a duk faɗin Arewa, yaran gida da suke riƙe wa masu gidansu fitila suka fara zama a kan kujerar.

Akwai wani abu na yanayin ƙasa da ya kamata a riƙe. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba, a Ƙaurar Namoda layin dogo ya tsaya a 1929. Tsakanin birnin da tashar jirgin ruwa ta Ikko kuwa akwai kimanin kilomita 1,000. Kayan gyara ba su kusa. Mai gyara a Sakkwato tun farko ya koyi ciro abu daga matacciyar rediyo ya rayar da mai sauran numfashi.

Shekarar Udoji

In za a zaɓi shekara ɗaya a ce ita ce ta cika ɗakunan Sakkwato da na'urori, to 1975 ce. Abubuwa da dama suka haɗu. Tun 1967 birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, ma'aikata suka taru, aka gina sababbin unguwanni a bayan ganuwa. A 1973 naira ta maye gurbin fam, kuma a ƙarshen shekarar farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya. Hukumar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa ƙarƙashin Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas na watannin baya a dunƙule a farkon 1975. A cikin shekarar ce aka kafa Jami'ar Sakkwato. A tsakiyar waɗannan shekaru ne kuma birnin ya sami gidan talabijin nasa, wanda ya koma ƙarƙashin Hukumar Talabijin ta Ƙasa, watau NTA, da aka kafa da doka a 1977. Ibadan ta riga da shekaru da yawa, tun 1959, Kaduna kuma tun 1962, amma hoton talabijin ba ya tafiya nesa kamar muryar rediyo mai gajeren zango. Sai an kafa tasha a gari sa'an nan sayen akwatin yake da ma'ana.

Kuɗin da ya zo a dunƙule ba ya zama. Ma'aikacin da bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba ya sayi babur, ya sayi rakoda, ya sayi fanka da firji, mai ƙarfi ya ɗauki talabijin. Sunaye irin su National da Philips da Sanyo da Sharp suka shiga bakin mutane. 'Yan kasuwa su ma suka ɗaga farashi, hauhawar farashin kaya a 1975 ta haura kashi 30 cikin ɗari, manomi da ba shi da albashi ya biya kuɗin bikin da ba a gayyace shi ba. Wata ƙofar kuma ita ce aikin hajji. A 1977 alhazan Nijeriya sun haura 100,000, kuma tsarabar Makka ta tashi daga tasbaha da dabino da zamzam kawai, ta haɗa da agogo da rakoda, daga baya har da bidiyo.

Akwatin talabijin na wancan zamani kayan ɗaki ne kafin ya zama na'ura. Da katako aka yi jikinsa, wani yana da ƙafafu huɗu, wani har da ƙyaure da makulli, ana lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Tasha ba ta buɗewa sai da yamma, ta rufe kafin dare ya raba. Gidan da ke da shi ya zama dandali, yaran unguwa su cika tsakar gida ko su yi cirko-cirko a taga. Wasannin kwaikwayo su suka kafa shi a zukata: Samanja daga Kaduna, Karkuzu daga Jos, Sakkwato kuma ta ba da nata Idon Matambayi, inda Basakkwace ya ji karin harshensa yana fitowa daga cikin akwati. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai nazarin harshe, domin har zuwa lokacin Hausar da ake ji a kafofin watsa labarai ta fi karkata ga ta gabas.

Ba a daɗe ba na'ura ta shiga lissafin aure. Jeren da a da ake yi da ƙwarya da tasa, daga baya da kwanon sha da langa da tangaran, ya wayi gari yana neman rediyo da talabijin da firji. A nan ne tsohon ma'aunin amfani ya fara raunana, domin abin da ya shiga kayan ɗaki ba a tambayar amfaninsa, sai dai a tambayi ko 'yar wane ta samu. Uban da ya ci bashi ya sayi firji ya kai ɗakin da wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi bai yi wauta ba a idon jama'a, fita kunya ya yi. Amma ya sayi abin da zai ci gaba da cin kuɗi bayan an watse daga biki, wannan kuwa ba ya cikin lissafinsa.

Zafi da ƙura da wuta

An ƙera waɗannan na'urori domin ɗakunan Osaka da na ƙasar Holan, ba domin Mabera ko Rijiyar Ɗorawa ba. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. A cikin kowace rediyo da talabijin akwai wasu 'yan ƙananan gwangwanaye masu ruwan sinadari da masu gyara ke kira kafasita, kuma ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Sa'an nan hunturu ya zo da ƙurarsa, ta shiga ta ramukan shan iska, ta kwanta a kan kayan ciki kamar bargo, ta hana zafi fita. A talabijin mai kala irin ta da, mai ƙwan gilashi, akwai wurin da ƙarfin wuta yakan kai wajen bolt 25,000, ƙura da laimar damina in suka haɗu a nan sai wutar ta sami hanyar tsallake. Shi ya sa gyara na farko da yaro yake koya a shago shi ne hure ƙura.

Amma babbar abokiyar gaba ita ce wutar kanta. Daga Kainji, wadda aka gama a 1968, wuta take tasowa ta bi dogon layi zuwa Birnin Kebbi, daga can a rage ƙarfinta a turo Sakkwato. Gari na ƙarshen layi yakan sha fama da wuta mai rauni, wadda ake kira haf-karan, hoton talabijin ya tsuke, injin firji ya yi ta gurnani bai tashi ba har ya ƙone. In kuma aka ɗauke aka dawo da ita da ƙarfi, sai a ji ƙauri. Saboda haka kowace na'ura ta haifi wata na'urar da za ta tsare ta: sitabilaiza, daga baya janareto. Hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta canja suna a 2005, aka sayar da sashen rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, amma jumlolin nan biyu, an ɗauke wuta da an kawo wuta, ba su tsufa ba.

Akwai kuma rikicin tsari. Nijeriya tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka, Amurka kuwa da 120, wanda ya jona kayan Amurka kai tsaye ya gama da shi nan take. Tsarin kalar hoto ma ya bambanta: Nijeriya ta bi PAL, Jamhuriyar Nijar da ke bayan Illela ta bi SECAM irin na Faransa, Amurka da Japan kuma suka bi NTSC. Talabijin ɗin da aka tsallako da ita ta Birnin Ƙonni tana iya nuna hoto ba kala, ko hoto ba murya. Juya irin wannan akwati ya dace da tashar gida ya zama wani reshe na sana'ar.

Zamanin mai gyara

Yalwar ba ta kai shekara goma ba. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP, aka saki naira. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba. A 1987 ta kai wajen naira 4, a 1993 kuma wajen naira 22 a farashin hukuma. Malamin makarantar da ya sayi sabuwar talabijin a 1976 ya tarar a 1990 albashinsa na watanni ba zai sayi irinta ba. Ba shi da zaɓi sai ya raya ta hannunsa.

Wannan shi ne zamanin mai gyara na sosai. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin akwatuna har rufi, a gabansa akwai mita da madubi da ya jingine domin ya ga fuskar talabijin yana aiki ta bayanta. In babu wuta sai ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan risho ko garwashi. Taransifoma in ta ƙone ba a jefarwa, kwance ta ake yi, a ƙirga zagayen wayar, a sake naɗa sabuwa da hannu. Abin da ba a samu irinsa ba a nemi mai kama da shi a yi masa dabara. Mafi yawansu ba a aji suka koya ba, wajen maigida suka yi shekaru suna kallo, ko da yake makarantun fasaha na gwamnati da shirin koyon sana'a na Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wanda ya fara a 1987, sun yaye wasu. Jama'a kuwa suka ba shi laƙabin injiniya, ba tare da sun nemi ganin takardarsa ba.

Duk da haka dangantakarsa da mai kaya ba ta rabu da zargi ba. Mai kaya ba ya ganin cutar, ba ya kuma iya tantance maganin. Yana tsoron a cire masa na asali a sa masa jabu, ko garin neman gira a rasa ido. Mai gyara shi ma yana da nasa kuka: a kawo kaya, a ba da ɗan kafin alƙalami, a ɓace shekara guda, ranar da aka dawo kuma a ce sai an biya. Abin sha'awa shi ne fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birnin ya daɗe da yin magana a kan wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka keɓanta da shi, saɓanin sauran masu riƙon amana, saboda maslahar jama'a. Hukuncin da aka tsara domin masaƙi da marini ya zo ya dace da mai gyaran bidiyo. Sai dai sana'ar ba ta sami abin da ƙira da jima suka samu ba, watau gado da unguwa da matsayi a tsarin sarautun gargajiya. Ƙungiya ta zamani ce ta tsaya a madadinsu.

A wannan zamani ne kuma gwanjo ya sami daraja. Kayan da Turai ta gama da su suka riƙa shigowa ta Ikko da Kwatano, kasuwar Alaba ta zama uwar kasuwannin kayan wuta, 'yan kasuwa suna saro wa Kano da Sakkwato. Har aka kai ga mutane sun fi amincewa da tsohon kayan Turai a kan sabon da ba a san asalinsa ba, suna cewa araha ba ta ado. Bidiyon VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, ta wannan hanya ya game gidaje, kuma shi ya share wa finafinan Hausa fage bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990. Kan bidiyo ba ya shiri da ƙura, don haka wankin kai ya zama abincin yau da kullum ga masu gyara.

Harshe ya adana wannan tarihi ta wata hanya mai ban sha'awa. Sunayen na'urorin kusan duk aro ne: rediyo, rakoda, kaset, talabijin, firji, janareto. Kaɗan ne Hausa ta yi wa suna daga rumbunta, kamar faifai, wanda daga marfin ƙwarya ya koma abin garmaho. Ita kanta kalmar na'ura daga Larabci take, inda asalinta take nufin abin juyawa na ɗebo ruwa. Bakanike kuwa Bahaushe ya ji farkon kalmar Turancin ya ɗauke shi ɗafa-goshin nan na ba-, ya yi masa jam'i kanikawa kamar yadda ake Bakatsine da Katsinawa. Amma da aka zo ga lalacewa da gyara, sai harshen ya koma gida. Rediyo tana kama tasha, tana cin batir, tana shan ruwa, ta ƙone, ta mutu, a taɓa ta ta tashi. Da aikatau na rai da mutuwa ake maganarta, kamar dabbar gida. Mai sayarwa ne ya kawo sunan, amma masu jinyar su suka ba da aikatau.

Kwamfuta da waya

Kwamfuta ta shigo ta ofisoshi da bankuna da jami'a, sa'an nan a shekarun 1990 ta fito titi ta hanyar shagunan buga takardu. A farkon shekarun 2000 shagunan intanet suka biyo baya. Ba sha'awa ce ta tura mafi yawan mutane gare ta ba, tilas ce: rajistar jarrabawa da duba sakamako suka koma intanet, kuma daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Ita ma ta ƙofar gwanjo ta fi shigowa, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ce kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta suke sauka Ikko kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ƙiyasta cewa abin da ya kai kashi uku cikin huɗu ba ya gyaruwa.

Ga ma'abota wannan fage na nazarin Hausa, kwamfuta ta zo da nata ciwon kai. A zamanin tafireta da biro ake bi ana yi wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa bayan an gama bugu. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da haruffan kwamfuta masu lanƙwasa, aka sami sauƙi, sai dai in aka kai rubutun wata kwamfutar da ba ta da su, ko aka wanke ta aka sake zuba mata manhaja, sai haruffan su rikiɗe su zama wasu alamomi. Tsarin Unicode ne ya kawo ƙarshen wannan ga wanda ya koma kansa.

A nan ma'anar gyara ta sauya. Talabijin in ta mutu akwati aka rasa. Kwamfuta in ta mutu tana iya tafiya da kundin digiri na shekara uku. Mai gyaran da ya saba da cewa aikinsa shi ne na'ura ta tashi, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya goge komai ya sake zubi, ya miƙo ta tana aiki sumul, alhali abin da ya fi ta tsada ya tafi. Ɗalibin da ya kai gyara bai ce a fara kwashe masa aikinsa ba, shi da mai gyaran ba abu ɗaya suke nufi da kalmar gyara ba. Akwai kuma batun sirri, domin wanda aka ba waya ko kwamfuta an ba shi wasiƙu da hotunan iyali, amanar da ba ta taɓa hawa kan mai gyaran rediyo ba.

Wayar hannu ta zo a watan Agusta na 2001. Layi kaɗai a lokacin yana kai naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500 ne. Cikin shekara goma wayoyin ƙasar Sin masu layi biyu suka karya farashin, waya ta shiga hannun mai tura baro da mai tallan fura. Matasa masu gyaranta suka cika bakin Babbar Kasuwa da manyan titunan kasuwanci irin su Emir Yahaya. Amma aikinsu ya bambanta da na magabatansu. An ƙanƙanta kayan ciki har ido ba ya rarrabe su, an manne su da injin masana'anta, an like jikin da gam. Mafi yawan abin da ake kira gyara ya koma sauyi: a sauya gilashi, a sauya batir, a sauya wurin caji, in uwar allon ce ta tafi a ce a sayi wata. Talabijin ta bango mai faɗi ita ma haka take, in fuskarta ta fashe kuɗin sauyawa ya kusa kuɗin sabuwa. Harshe ma ya nuna haka. Maimakon aikatau na gida, sai aka koma aro ɗanye ana jingina shi da yi: a yi fulashin, a yi fomatin, waya tana hagin. Cutar ta koma inda ba a ganinta, Bahaushe bai sami abin da zai kamanta ta da shi ba.

A Turai an fara mai da martani da doka. Faransa ta tilasta wa masu sayarwa nuna makin sauƙin gyaran na'ura tun 2021, Tarayyar Turai kuma ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024. A Sakkwato ba doka ce take tilasta gyara ba, aljihu ne. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Abin da ya faru a 1986 ya maimaita kansa, wayar da a da za a yar sai a kai ta a sake mata gilashi karo na uku.

Tsofaffin akwatunan nan masu ƙwan gilashi kuwa 'yan gwangwan ne suke kwashe su, su fasa su ciri tagulla, su bar gilashin a bola, ga shi kuwa kowane ƙwai yana ɗauke da dalma da takan kai kilo guda ko fiye. Masu gyaransu da suka rage da yawa sun juya ga kayan hasken rana. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, amma tsadar man janareto ce ta sa faifan sola ya hau rufin gidaje a Arkilla da Runjin Sambo. Fanka mai caji da fitila da injin juya wutar batir suna da waya da fiyus da kafasita da ido yake gani, mita tana auna su, dalma tana kama su, kuma a watan Afrilu ba a barin fanka ta kwana a mace.